Yadda ake shuka furen jeraniyam da rainonsa a birnin Kano

Jeraniyam yana cikin furannin da suka fi ɗaukar ido a wurin masu sayar da dashen furanni na bakin titi a unguwar Nasarawa, domin kansa a cure yake kamar dunƙulen hannu, wani ja wur, wani ruwan hoda, wani fari fat, ga ganye mai faɗi da zobe mai duhu a tsakiyarsa. Mutane da yawa sun saye shi sun kai gida da murna, amma kafin wata uku ya cika sai su tarar gindin karan ya yi baƙi ya kwanta, daga nan su yanke hukuncin cewa furen Turai ne, ba ya yi a ƙasarmu. Yana yi ƙwarai, sai dai wanda zai raine shi a Kano dole ne ya ajiye lissafin watannin da littattafan Turawa suka tsara, ya bi na hunturu da bazara da damina.

Asalin wannan tsiro ba Turai ba ne, daga Afirka ta Kudu ya fito, musamman yankin Kef, inda ruwan sama yake sauka a lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa ƙasa ta bushe. A ƙarni na 17 jiragen ruwa suka kai shi ƙasar Holan da Ingila, kuma a 1789 wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna L'Héritier ya ware shi a rukuni na kansa da sunan Pelargonium, wanda a yau aka san nau'o'insa kusan 280. Sunan daga kalmar Girkanci yake, ma'anarsa tsuntsu dangin shamuwa, saboda kwanson irinsa dogo ne mai tsini kamar bakin tsuntsun. Asalinsa na yankin Kef shi ya sa karansa yake da kauri yana ajiye ruwa, shi ya sa kuma yake jure ƙishi fiye da yadda yake jure laima. Ya fi walwala idan zafin rana yana tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos, dare kuma da ɗan sanyi. Idan zafi ya haura digiri 32 ya daɗe a haka, sai ya rage fure, sabon ganyensa ya koɗe.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne akasarin mutane suke yin kuskure. Bahaushe ya saba da cewa shuka da saukar ruwan sama ake yi, don haka sai ya sayi fure a watan Yuni ya dasa. Jeraniyam kuwa lokacin dashensa a Kano shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda aka dasa a wannan tsakani zai kama ƙasa kafin sanyi ya kankama, ya cika da fure a Disamba da Janairu da Fabrairu, lokacin da darare suke sauka zuwa wajen digiri 13 zuwa 15. Hunturun da yake fasa mana leɓe da ƙafa shi ne kakar wannan fure. Turawa suna fama da ɓoye shi daga ƙanƙara, mu kuwa abin da za mu kare shi daga gare shi zafin Afrilu ne da markar Agusta.

Sai zaɓen iri. Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne mai zobe a ganye, wanda yake tsayawa a miƙe, kuma shi aka fi samu a kasuwa. Akwai mai rarrafe, mai ganye sumul mai ƙyalli, wanda ake ratayewa a baranda ya zubo ƙasa, amma zafi ya fi saurin galabaitar da shi. Akwai mai manyan furanni masu kama da fentin hannu, wanda ban ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa a kai ba a nan, domin yana buƙatar dogon sanyi kafin ya yi fure. Na huɗu shi ne mai ƙanshi, wanda furensa ƙanana ne amma idan ka murza ganyensa sai ka ji ƙanshin wardi ko na lemon tsami. Daga ganyen wannan nau'i ake tatsar man da ake sa wa turare a Masar da Sin. Wannan ya fi sauran juriya, kuma a garin da ake ƙaunar turare kamar namu ya cancanci tukunya ɗaya a bakin ƙofar ɗaki. Idan ka je saye, kada yawan fure ya ruɗe ka. Ka sunkuya ka dubi gindin karan inda ya haɗu da ƙasa, ka tabbata kore ne ko ruwan ƙasa mai tauri, ba baƙi ba ne mai laushi. Ka ɗaga ganye ka dubi bayansa ko akwai ƙwari. Gajere mai rassa uku ko huɗu ya fi dogo siriri mai kai ɗaya. Idan kuma mai sayarwa ya ce daga wuri mai sanyi kamar Jos aka kawo shi, to ka ajiye shi a inuwa mai haske na mako guda kafin ka fitar da shi rana.

Mataki na uku, wanda rabin aikin yake cikinsa, shi ne tukunya da ƙasa. Ko da kana da fili a lambu, ina ganin tukunya ta fi, saboda a Kano jeraniyam tsiro ne da za a riƙa sauya masa wuri sau uku a shekara, kuma abin da aka dasa a ƙasa ba ya ɗaukuwa. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin jikinta yana numfashi, yana tsotse rarar ruwa yana kuma sanyaya saiwa, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Baƙar roba idan rana ta buge ta sai ta dafa saiwar. Faɗin baki santimita 20 zuwa 25 ya isa tsiro ɗaya, kuma kada a ba shi babbar tukunya don tausayi, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita take riƙe ruwa ta ruɓar da gindi, ga shi kuma jeraniyam ya fi yin fure idan saiwarsa ta ɗan matsu. Dole ne gindin tukunyar ya kasance da huda mai faɗin da yatsa zai shiga. Idan babu, a jiƙa tukunyar ta kwana a ruwa, sannan a huda ta a hankali da ƙusa, a ɗora tsingaro ɗaya a kan hudar don kada ƙasa ta zube.

Ƙasar da nake haɗawa ita ce: kashi biyu na ƙasar gona mai sauƙi irin ta jigawa, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na gini, da kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Takin da ya ruɓe shi ne wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yake marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Wanda zai iya samun ɓuntun shinkafa, irin wanda yake tare a bakin injinan Kura, ya ɗan babbaka shi har ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ya zuba cikin tafi biyu a kowace tukunya, zai ga yadda ƙasa take sakewa. Garin gawayi ma yana yin wannan aiki. A guji laka ta fadama da jar ƙasar gini, domin idan sun jiƙe sai su zama kamar tuwo, idan sun bushe su zama kamar dutse. Gwajin yana da sauƙi: ka jiƙa haɗin kaɗan, ka dunƙula a hannu, ka buɗe. Idan ya tsaya amma ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi daidai. Idan ya tsaya kamar curin fura, ka ƙara yashi.

Wanda ya nace sai ya dasa a ƙasa, ya tayar da kunya mai tudun santimita 20 ko fiye, ya gauraya ta da yashi da taki kamar yadda aka faɗa, ya bar tazarar santimita 30 tsakanin tsiro da tsiro, kuma ya nisanci wurin da ruwa yake kwanciya da wurin da indararo yake zuba. Wata dabara ita ce a binne tukunyar kanta a cikin lambu har zuwa wuya a lokacin hunturu, idan bazara ta zo a tone ta a ɗauke.

Mataki na huɗu shi ne dashe. Ana iya shuka ƙwayar iri, tana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta yi fure bayan wata uku zuwa huɗu, amma samun ingantaccen iri yana da wuya, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta reshe, kamar yadda ake dasa karan rogo. Tsiro ɗaya mai lafiya, naka ko na maƙwabci, zai ba ka biyar ko shida. Da safe za ka zaɓi reshe mai ƙarfi wanda bai tsufa ya zama itace ba, bai kuma yi ɗanye sharaf ba. Ka ɗauki sabuwar reza, ko wuƙa mai kaifi da ka goge da sifirit, ka yanko tsawon santimita 8 zuwa 10 daga kan reshen, yankan ya faɗa daidai ƙarƙashin gaɓa, wato ɗan kumburin da ganye yake fitowa, domin daga nan saiwa take ɓullowa. Ka cire ganyen ƙasa duka har da 'yan ƙananan fuka-fukin da suke manne a gaɓar, ka bar ganye biyu ko uku a sama, ka kuma tsinke duk wani kan fure da yake jiki, komai kyansa, don reshe ba zai iya ciyar da fure da saiwa a lokaci ɗaya ba.

Daga nan kada ka dasa nan take. Ka shimfiɗa rassan a kan faifai a cikin inuwa na wasu sa'o'i, ko su kwana, har bakin yankan ya bushe ya yi 'yar fata. Ganyen zai ɗan yi yaushi, wannan ba komai ba ne. Reshen da aka cusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen rauni shi ne yake ruɓewa. Sannan ka cika ƙaramin mazubi, ko da gwangwanin tumatir ne da aka huda gindinsa, da yashi kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya ba tare da taki ba, ka yi rami da tsinke, ka sa reshen ya nutse santimita 3 zuwa 4, ka danna gefensa da yatsa. Ka ba shi ruwa sau ɗaya, ka ajiye a inuwa mai haske inda iskar hunturu ba ta bugawa kai tsaye. Kada ka rufe shi da leda kamar yadda ake yi wa wasu tsirrai, jeraniyam ba ya son turiri. Ba za ka sake ba shi ruwa ba sai saman yashin ya bushe. Bayan mako uku zuwa huɗu za ka ga ɗan sabon ganye kore shar yana buɗewa a tsakiya, kuma idan ka ɗan ja reshen a hankali za ka ji ya riƙe. A lokacin ne za ka mayar da shi tukunyarsa ta dindindin, da yamma, ka dasa shi daidai zurfin da yake a da, kada ka binne karan fiye da haka.

Game da wurin ajiyewa, a hunturu yana son rana ta sa'a biyar zuwa shida, kuma hazo yana rage mata kaifi, saboda haka tsakar gida ko gefen lambu da yake kallon gabas ko kudu ya yi. Wanda aka bari a inuwa zai yi tsawo ya yi siriri, ganye ya yi nisa da ganye, fure kuwa babu. Kowane mako ka juya tukunyar kaɗan don kada ya karkata gefe ɗaya.

Ban ruwa shi ne mataki na shida, kuma a nan ƙauna take kashe shi. A gidaje da yawa duk wanda ya wuce da buta sai ya tsiyaya masa ragowar ruwa, uwar gida ta ba shi da safe, yara su ba shi da yamma, kowa yana ganin alheri yake yi. Ya kamata mutum ɗaya ne zai ɗauki wannan aiki, kuma yatsa ne ma'auninsa. Ka cusa yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan ka ji danshi, ka bar shi sai gobe, idan ka ji a bushe, ka ba shi ruwa sosai har ya fito ta hudar gindi. A hunturu wannan yakan zama bayan kwana biyu ko uku, a bazara yakan zama kullum, a damina kuwa yakan yi mako bai nema ba. Da sassafe ake bayarwa, a gindi ake zubawa, ba a kan ganye da fure ba. Ruwan da aka tara a tankin da yake cikin rana a bar shi ya huce, ruwan wanki da na wanke-wanke kuma kada ya kusance shi. Idan ruwan rijiyar burtsatse kake amfani da shi kuma ka ga farin ɓawo yana taruwa a saman ƙasa da bakin tukunya, gishiri ne; ka kankare shi, sannan sau ɗaya a wata ka kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar ya fice. Ganyen ƙasa da ya yi rawaya ya yi laushi alamar ruwa ya yi yawa ne, wanda gefensa ya bushe ya yi ƙamas kuwa ƙishi ne ko zafi. Yaushi kaɗai ba hujja ba ne, domin tsiron da saiwarsa ta ruɓe ma yana yin yaushi alhali ƙasarsa jagab take.

Ƙurar hunturu tana manne wa ganyensa saboda yana da 'yan gashi. Sau ɗaya a mako, da hantsi, a yayyafa masa ruwa a wanke ganyen don ya bushe kafin dare.

Taki ba ya son mai yawa. Wata guda bayan dashe, ka ɗauki rabin cokalin shayi na takin zamani mai lamba 15-15-15, ka binne a gefen tukunya nesa da kara, ka ba da ruwa, ka maimaita kowane wata har ƙarshen Fabrairu. Kada ka sa yuriya, domin za ta ba ka ganye manya-manya kamar na kabewa ba tare da fure ba. A wannan lokaci ne kuma ake gyara masa siffa, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: idan dashen ya kai tsawon santimita 12 zuwa 15, ka tsinke ɗan tohon da yake can ƙololuwa da farce. Zai jinkirta fure da mako biyu ko uku, amma zai fito da rassa ta gefe, kuma kowane reshe da kansa na fure. Kan furen da ya fara bushewa kada a bar shi ya yi iri. Ka bi sandarsa har inda ta haɗu da kara, ka lanƙwasa ta ƙasa, za ta ɓalle da kanta.

Daga tsakiyar Maris aiki yake sauyawa, ya koma na tsare rai. A Afrilu da Mayu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, kuma siminti da katanga suna ƙara masa. Ka ɗauke tukwanen daga kan daɓe ka kai su ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ko rumfar zana, inda za su sami ranar safe zuwa ƙarfe goma kawai. Rumfar kwano ba ta yi ba, don ita kanta wuta take fesowa. Ka daina ba da taki gaba ɗaya, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma kada ya taɓa kara. Wanda yake da hali ya sa tukunyar a cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin dabarar da ake adana tumatir da ita. Saiwa za ta yi sanyi ba tare da ta jiƙe ba. Tsiron zai daina fure, ganye zai ƙanƙance ya koɗe, wasu su zube. Bai mutu ba, kuma ƙara masa ruwa da taki don ya farfaɗo shi ne zai ƙarasa shi.

Damina ta fi bazara haɗari. Shekarar da na fara rainonsa, tukwane tara na fitar da su lafiya daga zafin Afrilu, na bar su a tsakar gida ina murnar ruwan sama zai wartsake su. A Agusta aka yi marka ta kwana uku, da na duba sai na ga gindin bakwai daga ciki ya yi baƙi, ina taɓawa yana narkewa a yatsa, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen dankali. Biyun da suka tsira su ne waɗanda suke jingine a ƙarƙashin baranda. Tun daga nan, da zarar Yuni ya kama nake mayar da su inda ruwan sama ba ya dukansu amma haske da iska suna shiga, in ɗora kowace tukunya a kan bulo biyu don hudar ta sami hanya, in kuma raba su da juna don iska ta ratsa. Wannan baƙin gindi cuta ce da take zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wanda ta kama ba ya warkewa. Abin yi shi ne a yanko rassan sama da suke da lafiya a sake dasawa a sabon yashi, a zubar da tsohuwar ƙasar nesa da lambu, a wanke tukunyar a shanya ta a rana. Ganye ko furen da ya yi furfura mai toka-toka a cire shi nan take.

Ƙwarin da suka fi damunsa su ne farin ƙuda, wanda yake tashi kamar gari idan an girgiza ganye, da ƙananan ƙwari masu tsotso da suke taruwa a sabon toho, da wani mai kama da ɓurɓushin auduga da yake laɓewa a gaɓa, sai tsutsa mai huda kan fure tun bai buɗe ba. Tsutsa da hannu ake tsince ta da magariba. Sauran kuwa, a daka ƙwallon darbejiya gram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa a bayan ganye da yamma, a maimaita bayan mako guda. A fara gwadawa a ganye biyu a jira kwana ɗaya, saboda mai ƙanshi da mai rarrafe wani lokaci feshin yana ƙona su. Kaji suna tone tukunya, don haka a ɗaga ta ko a kewaye ta, kuma ganyen yana ɓata wa kyanwa da kare ciki idan sun ci.

Idan Oktoba ta zagayo, tsiron da ya ƙetare bazara da damina zai fito da dogayen kara tsirara da 'yan ganye a kai. Ka rage kowane reshe da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, kana yankawa daidai saman gaɓa, ka zazzage shi daga tukunya, ka kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ka datse saiwar da ta yi baƙi, ka mayar da shi cikin sabon haɗi. Kwana biyu na farko kada ka ba shi ruwa sosai, sai raunukan sun bushe. Kawunan rassan da ka yanke su ne irin dashen bana, kuma ya kamata ka dasa fiye da abin da kake buƙata, domin ba duka ne suke kamawa ba. Uwar kanta bayan shekara biyu ko uku karanta yakan zama itace, furenta ya ragu, a lokacin sai 'ya'yan da aka dasa daga jikinta su karɓi tukunyar.